Gawo, Darbejiya da Iskar Kabon: Abin da Na Gani a Hanyar Yamai

Daga Maraɗi zuwa Yamai mota ta bi da mu ta Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso. Tun a ƙasar Maraɗi ido ya fara ƙoshi: gonakin gero cike da gawo da kalgo, galibinsu ba dasa su aka yi ba. Tohon kututture ne manomi ya bari lokacin sharar gona, ya zaɓi rassa masu ƙarfi, ya sare sauran. Sassaben zamani ke nan, wanda Tony Rinaudo, ɗan Ostiraliya, ya fara yaɗawa tare da manoman yankin tun 1983. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna kusan hekta miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200.

A Turai kuwa inji ake ginawa don kama iskar kabon, wadda ke ɗumama duniya. Masana'antar Orca da aka buɗe a Aisland a 2021 tana zuƙo ta daga sararin sama, a narkar da ita a ruwa, a tura ƙarƙashin ƙasa ta zama dutse. Ƙarfinta tan 4,000 ne a shekara, bayan an kashe kuɗi masu ɗimbin yawa. Aiki ne na ilimi, ban raina shi ba. Amma itace ma wannan aikin yake yi: ganye ya sha iskar, ya mayar da ita katako da saiwa, har kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne. Ganyen da ya zube ya ruɓe kuma ƙasa ta riƙe wani kaso.

Gawo ya fi burge ni. Da damina yake kaɗe ganyensa, gero ya samu rana da taki a gindinsa. Da rani ya yi kore shar, dabbobi su ci 'ya'yansa. Wane manomi ne zai sare irin wannan?

A Yamai na nemi a kai ni zoben itatuwan da aka fara dasawa a gefen birnin a 1965, yawancinsa darbejiya. Gine-gine da masu saran itace sun ci wani ɓangare nasa, abin da ciwo, amma inda ya tsira za ka ji sanyin a jikinka da zarar ka shiga. Hayin kogi, bayan gadar Kennedy, ga cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974 bayan babban farin Sahel, inda ake horar da masana yanayi da noma na ƙasashen yankin. Kudu da birnin, a Sadore, cibiyar ICRISAT na gwajin farfaɗo da faƙo: a haƙa ramuka masu siffar rabin wata su tare ruwan sama, a dasa magarya da zogale a wurin da ciyawa ma ta daina fitowa.