Abijan: Wace Lakwal Za A Sa Yaro?

Kun san yadda tashoshin mota na Tawa da Ƙonni da Madawa suke cika bayan kaka. An ɗaure dammuna, an cika rumbu, sai samari su ɗauki jaka su tafi biɗa. Wasu Najeriya suke nufa, wasu arewa ta hanyar Agadas. Amma mutanen Adar da yawa Abijan sunka sani, babban birnin kasuwanci na ƙasar Kwaddibuwa. Da can mutum shi kaɗai yake tafiya, ya dawo da ruwan farko. Yanzu wasu sun zauna can, sun aiko an kai musu mata da yara. Wanda ya kai yara Abijan kuwa, tilas wata rana ya zauna ya yi shawara: lakwal ta gwamnati zai sa su, ko ta kuɗi?

Hanyar tana da nisa. Tsohuwar hanya ita ce ta Yamai, a shiga Burkina, a bi Wagadugu da Bobo, a gangara Buwake, sannan Abijan. Saboda rashin kwanciyar hankali a wasu wurare na wannan hanya, matafiya da yawa sun koma bin bakin teku, ta Benin da Togo da Gana. Ko ta ina anka bi, kwanaki ne cikin mota. Akwai hanyar jirgin ƙasa da Faransawa sunka taso da ita daga Abijan, sunka sa mata suna Abijan-Nijar. Ta isa Wagadugu a 1954. Har yau ba ta iso ƙasar da anka sa mata sunanta ba.

Baƙo daga tudu, abin da zai fara ba shi mamaki a Abijan shi ne ruwa. Birnin yana zaune kewaye da wani babban tabki mai haɗuwa da teku. Unguwa da unguwa, sai an bi gada ko an shiga jirgin ruwa. Daga watan Mayu zuwa Yuli ruwan sama yana zuba kamar da bakin ƙwarya, wani lokaci kwana biyu ba a ga rana ba. Manomi zai ce albarka ce. Amma a unguwannin da ke kan gangare, kamar Atekube, ƙasa takan zaftaro ta rufe gidaje. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanen birnin sun haura miliyan 5. Unguwar Abobo kaɗai ta haura miliyan 1. Tun 1983 Yamusukuro ce babban birnin ƙasa a takarda, amma kuɗi da kasuwa da tashar jiragen ruwa duk suna Abijan.

Mutanenmu suna ko'ina cikin birnin. Akwai masu sayar da katako, sana'ar da Adarawa sunka yi suna da ita. Akwai masu tebur a kasuwar Ajame, da masu shayi da burodi, da masu dabbobi. Akwai kuma masu sayar da wani abinci na garin rogo da soyayyen kifi, wanda talakan Abijan ba ya wuni bai ci ba. Sunan abincin garba, kuma mutanen gari da kansu suna cewa daga sunan ƴan Nijar masu sayar da shi anka samo shi.

Yawancinsu a gidan haya suke zaune, irin mai ɗakuna jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Maƙwabcin dama Bajula ne, na hagu mutumin Burkina, na ƙarshe Baule. Yaron da ya zo daga ƙauye ba ya wata uku sai ya fara jin Julanci da faransancin titi. Da safe kuma zai ga duk yaran gidan sun fita, maza cikin kaki, mata cikin riga mai gida-gida fari da shuɗi. Shi kaɗai za a bari da uwa tasa. Tun 2015 dokar ƙasar ta ce kowane yaro daga shekara 6 zuwa 16 tilas ya je lakwal. Can ba gona, ba kiwo. Yaron da ba ya lakwal, titi ne zai riƙe shi.

Ga yadda ta kasance da wani magidanci mutumin wajen Keita, mai sayar da katako a Abobo. Iyalinsa sun iso masa da yara biyu: yarinya ƴar shekara tara wadda ta yi aji biyu a lakwal ta ƙauyensu, da ƙaninta ɗan shekara shida.

Ya fara da lakwal ta gwamnati. Ana gane ta da baƙaƙe uku a ƙofa, EPP. Filin yana da faɗi, an yi gine-gine dogaye, sau da yawa lakwal biyu ko uku cikin shinge ɗaya, kowace da darektanta. Ba a biyan kuɗin karatu. Da can ƙungiyar iyaye tana karɓar wani kuɗi a kan kowane yaro, amma a ƙarshen 2020 shugaban ƙasa Alasan Watara ya ce an soke shi. Abin da ya rage wa uba shi ne kayan sawa, da littattafai, da kuɗin kalaci. Mushen da ke koyarwa ya yi makarantar horon malamai, kuma gwamnati ce ke biyansa.

Amma da ya leƙa aji sai ya ja da baya. Yara sun cika ɗaki, uku ko huɗu a benci guda. A wasu lakwal na unguwannin talakawa har raba yara ake yi, wasu su zo da safe, wasu da rana, don ɗakuna ba su isa ba. Ya ce a ransa, yaya mushe ɗaya zai ji muryar ɗiyarsa cikin wannan taro? Kuma wuri ba ya jiran kowa. A Kwaddibuwa cikin watan Satumba ake buɗe lakwal, ba Oktoba ba kamar yadda anka saba a ƙauyukanmu. Wanda ya jira sai ya gama girbi sannan ya kawo yara, zai tarda an rufe rajista.

Darekta ya tambaye shi abu ɗaya kafin komi: ina takardar haihuwa? Ta yarinya tana nan, don a gidan likita anka haife ta. Yaron kuwa a gida anka haife shi, ba wanda ya je ya rubuta shi. Wani darekta yakan karɓi yaro haka nan, ya ce a kawo daga baya. Amma ranar da yaro ya kai aji shida, za shi jarrabawar sartifika wadda suke kira CEPE, takardar nan za a biɗa. Yara da yawa sun yi shekara shida suna karatu, sunka tsaya a wannan ƙofa. Wanda anka haifa a Nijar, a Nijar za a yi masa ita, kuma in wa'adi ya wuce sai an je gaban alƙali. Shi ya sa in kun ji alƙalai sun zo gari suna yi wa yara takarda, kada a tsaya wasa. Wanda anka haifa a Abijan kuwa, uba yana da wata uku ya je ma'aikatar magajin gari ya rubuta shi.

Daga nan magidancin ya shiga zagayen lakwal na kuɗi. Su ba sai an biɗe su ba, a kowane lungu akwai su. An shafe ƙofa da fenti mai kyau, an zana hoton yaro riƙe da littafi, an rataya ƙyalle mai cewa bara duk yaransu sun ci jarrabawa. Akwai na ƴan mishan, waɗanda sunka daɗe kuma sunka yi suna. Akwai na masu kuɗi a Kokodi, waɗanda mai katako ko ƙofarsu ba zai tsaya ba. Akwai na unguwa, masu dama-dama. Cikinsu yara ba su da yawa a aji, kuma in malaman gwamnati sun shiga yajin aiki su suna karatu. Wannan gaskiya ne, kuma shi ke jan iyaye.

Sai dai a nan ne tarko yake. Wasu ba lakwal ba ne, shago ne. Mutanen Abijan ma haka suke kiransu, lakwal-kanti. Mutum ya kama hayar ɗaki uku, ya ɗauki samarin da ba su sami aiki ba, ya ba su alli. Albashin bai taka kara ya karya ba, kuma ba ya zuwa kan lokaci, saboda haka yaro yakan ga malami uku cikin shekara ɗaya. Mafi muni, in gwamnati ba ta ba wurin izini ba, ba ta san da zaman yaron ba. Ran jarrabawa sai a shiga neman wata lakwal da za ta ara masa suna. Uba yana da ikon ya ce a nuna masa takardar izini ta ma'aikatar ilimi, da lambar da anka ba lakwal ɗin. In bai iya faransanci ba, ya tafi da wanda ya iya. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Sai kuma lissafi. Kuɗin lakwal ba na wata ɗaya ba ne, na shekara shida ne, kuma a kan kowane yaro. Ana biya kashi-kashi. Ranar da kashi ya cika ba a kawo ba, sai a koro yaro gida da tsakar rana. Tun Janairun 2023 mafi ƙarancin albashi a ƙasar jaka 75 ne a wata, amma wannan na mai albashi ne. Ɗan kasuwa yau ya samu, gobe bai samu ba. Ga haya, ga cefane, ga aike gida. In damana ba ta yi kyau a Adar ba, tsofaffi su za a fara aika wa kuɗin hatsi, kuɗin lakwal ya jira. Ga kuma zaman da ba tabbas: a 2024 hukumar birni ta rushe gidaje a unguwanni kamar Gesko da Boribana da wajen mahauta. Wanda ya biya kuɗin shekara, anka tashe shi zuwa wani gefen birni, ba wanda zai mayar masa.

Akwai hanya ta uku, kuma ita ta fi kwanta wa mutanenmu a rai. Ita ce makarantar Islamiyya mai haɗa larabci da faransanci. Shekaru da dama ke nan gwamnatin Kwaddibuwa tana zagaya irin waɗannan makarantu tana dubawa. Wadda ta cika sharuɗɗa sai a shigar da ita cikin tsari, yaranta su yi karatun addini, su kuma yi lissafi da faransanci irin na kowa, su shiga jarrabawar sartifika. Ita ma ta kuɗi ce, amma sau da yawa da sauƙi. A nan ma tambayar ɗaya ce: an shigar da ita, ko ba a shigar ba? Don kowa yana iya rubuta larabci a ƙofa.

Wani dattijo cikin ƴan katako, wanda ya yi fiye da shekara talatin a birnin, ya tuna masa abin da bai yi tunani ba. Ya ce, ƙanena, waɗannan yaran ƴan Nijar ne. Ko a Abijan anka haife su, haihuwa kaɗai ba ta mai da ɗan baƙo ɗan ƙasa. Aikin gwamnati na can na ƴan ƙasa ne. Ko ba jima ko ba daɗe, wasu cikinsu gida za su koma. Sa'ar da anka yi, karatun ƙasashen biyu ya yi kama. Duk da faransanci ake yi, duk aji shida ne. Ajin farko da ake kira CI a Nijar, can CP1 suke ce masa, na biyu CP2, sauran huɗun suna ɗaya. Yaron da ya dawo da takardar shaidar lakwal wadda gwamnati ta sani, darektan Keita ko na Illela zai karɓe shi ya ci gaba daga inda ya tsaya. Wanda ya dawo da takardar lakwal-kanti, sai yadda hali ya yi.

Dattijon ya ƙara da cewa kada ya ɗauka rabuwar gwamnati da ta kuɗi ta har abada ce. In yaro ya gama aji shida, kwalejin gwamnati ba su isa kowa ba. Saboda haka gwamnati da kanta take tura yara da yawa kwalejin kuɗi, ta biya musu wani kashi, uba ya cika saura. Wanda ya ƙarar da ƙarfinsa tun ajin farko, me zai cika da shi a lokacin?

Magidancin ya kwana biyu yana juya maganar. Ya so ƙwarai ya sa yaran a lakwal mai fenti, don maƙwabta su gani. Da ya ƙirga abin da ke shiga hannunsa cikin watannin ruwa, lokacin da gini yake tsayawa kuma ba mai sayen katako, sai ya haƙura. Yarinya ta shiga ta gwamnati, wadda ke kusa da gida, ba sai ta tsallaka babban titi ba. Mushe ya gwada karatunta, ya ce ta sake aji biyu. Uban ya ji zafi, amma ya yarda. Yaron ya shiga Islamiyyar da anka nuna masa takardar izininta. Da marece dukansu biyu suna zuwa wajen wani malami Ba'adare da allunansu, inda kuma suke jin hausa ban da ta uwarsu.

Saura takardar haihuwar yaron. Ya buga waya ga wansa a ƙauye, ya aika masa kuɗin mota zuwa Keita da na shaidu biyu. Wan ya ce sai an gama sussuka.