Daga Fagge Zuwa Sabon Gari Ranar Hukuncin Hanifa

Ranar Alhamis, 28 ga Yuli, 2022, na taso daga Zariya da sassafe zuwa Kano domin sayo wa yayata atamfa da shadda, tana shirin aurar da 'yarta. Damina ta zauna sosai, gero da dawa sun yi kore shar a gefen hanya tun daga Kwanar Ɗangora har Kura. Muna dab da shiga gari direba ya ƙara muryar rediyo, sai hirar siyasa da ake ta yi a motar ta mutu nan take. Mai labarai ne yake tunatar da jama'a cewa yau Babbar Kotun Jihar Kano za ta yanke hukunci a shari'ar kisan Hanifa Abubakar.

Babu wanda ya tambayi wace ce Hanifa. Yarinya ce 'yar shekara biyar da aka sace ranar 4 ga Disamba, 2021, tana dawowa daga Islamiyya. Wanda ya ɗauke ta shi ne Abdulmalik Tanko, mai makarantar bokon da take zuwa, Noble Kids Academy, a Kwanar Dakata. Ya nemi kuɗin fansa naira miliyan 6. Da jami'an tsaro suka kama shi a watan Janairu 2022, ya faɗa da bakinsa a gaban 'yan jarida cewa shinkafar ɓera ta naira 100 ya ba ta, saboda ta gane shi. An tono gawarta a harabar wata makarantarsa da ke Tudun Murtala. Wata dattijuwa da ke zaune kusa da ni ta goge ido da gefen hijabinta, ta ce, "Malaminta fa! Wanda take gaisarwa kullum safiya."

A Unguwa Uku na sauka na hau adaidaita sahu. Da muka zo wajen Sakatariyar Audu Bako, inda kotun take, matuƙin ya nuna da haɓarsa ya ce, "Malam, yau duk idon Kano yana can." Muka wuce Ƙofar Nasarawa, muka kutsa cikin cunkoso har bakin Kantin Kwari.

Fagge ta saba da baƙo, ta kuma saba da labari. Tun zamanin fatake nan ne zangon da ayarin raƙuman Buzaye da Larabawa suke sauka a wajen ganuwar birni, duk abin da ya faru a Agadas ko Tarabulus a nan ake fara jinsa. Yau wayar hannu ce take kawo labarin. A shagon da na shiga, yaron shago yana warware mini turmin atamfa da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da waya, yana ta jan shafin Facebook. Maigidansa kuwa ya ɗora ƙaramar rediyo a kan tarin yadudduka, ya jingina eriyarta da bango.

Muna cikin ciniki labarin ya iso. Mai Shari'a Usman Na'abba ya yanke wa Abdulmalik Tanko da wanda ya taimaka masa, Hashimu Isyaku, hukuncin kisa ta hanyar rataya, ita kuma ta ukun da aka tuhuma tare da su, Fatima Musa, ɗaurin shekara biyu. Kabbara ta tashi daga wani layi, ta zagayo har inda muke. 'Yan dako suka sauke diloli suka tsaya. Alhajin mai shago ya ɗaga hannu sama ya ce, "Alhamdu lillahi, Allah ya jiƙan yarinyar nan, ya ba iyayenta haƙuri." Aka shafa. Ban ga wanda ya yi dariya ba. Abin da na gani a fuskoki shi ne sauƙin mutumin da aka sauke wa kaya bayan doguwar tafiya.

Da na gama sayayya na bi ta lungunan teloli na Fagge, inda ƙarar keken ɗinki ba ta yankewa. Wani dattijon tela, tabarau a kan karan hanci, zare a baki, ya amsa sallamata ya nuna mini benci. Na ce, "Baba, an ji hukunci?" Ya cire zaren ya ce, "An ji, ɗana. Saura a gani." Wannan ita ce tambayar da ta riƙa bina duk yinin: shin za a zartar? Gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ya yi alkawari tun a watan Janairu cewa da zarar kotu ta yanke hukuncin kisa zai sa hannu. Amma doka ta ba wanda aka yanke wa hukunci damar ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga nan zuwa Kotun Ƙoli, kuma wannan kan ci shekaru. Gwamnonin Najeriya ma ba kasafai suke sa hannu a takardar kisa ba. Waɗanda aka fi tunawa da su a 'yan shekarun nan su ne na jihar Edo a 2013 da 2016. Dattijon bai karanta lauya ba, amma ya daɗe a duniya, ya san tsakanin bakin alƙali da igiya akwai nisa.

Daga nan na taka da ƙafa ta Wapa, inda 'yan canji suke tare mai wucewa, na nufi Bata na shiga Sabon Gari. Unguwar ta kafu ne bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, aka ware ta domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu. A yau tana cikin ƙaramar hukumar Fagge, amma da ka shiga Titin Faransa ka san ka canja wuri: majami'u, shagunan kayan gyaran mota, ƙamshin miyar agushi, Ibo da Yarabanci da Hausa suna cakuɗe a baki ɗaya.

A cikin Kasuwar Abubakar Rimi na tsaya wajen wata mata 'yar ƙabilar Ibo mai sayar da jakunkunan makaranta da robobin abincin yara, domin saya wa ƙaramin ɗana. Hausarta tsaf, ta ce a nan aka haife ta. Tana ɗaure mini kaya ta ce, "Oga, ni ma uwa ce. Tun da abin nan ya faru, ni da kaina nake kai yarana makaranta, ni nake ɗauko su." Mutanen unguwar suna da nasu sabon ciwon, domin a watan Mayu na 2022 wani abu ya fashe a Titin Aba kusa da wata makarantar yara, aka rasa rayuka. Kano ta sha ganin lamuran da suke raba Fagge da Sabon Gari, kowa ya koma gefen addininsa da ƙabilarsa. A kan Hanifa ban ji wannan rabuwar ba. Uwa a Titin Faransa da uwa a Fagge tsoro ɗaya ya kama su, domin amanar da kowa yake bayarwa kowace safiya ce aka ci.

A gindin wata rumfar mai shayi na zauna ina sauraron gardamar matasa, a nan ne na fi yin tunani a kan rawar 'yan jarida. Babu shakka sun yi aiki. Freedom Radio da BBC Hausa da sauran gidajen rediyon Kano sun bi zaman kotun ɗaya bayan ɗaya, suka fassara wa talaka Turancin lauyoyi zuwa Hausar da yake ji. Ta haka mai tura baro ya san cewa Tanko ya musanta a kotu abin da ya amsa a gaban 'yan sanda, ya san cewa sai da aka nema wa waɗanda ake tuhuma lauyoyi daga hukumar ba da agajin shari'a kafin a ci gaba. Kwamishinan Shari'a na jiha a lokacin, Musa Abdullahi Lawan, da kansa ya jagoranci masu gabatar da ƙara. Cikin wata shida da 'yan kwanaki aka kammala. Shari'ar Maryam Sanda a Abuja, wadda ita ma ta ja hankalin ƙasa, ta fara a ƙarshen 2017, ba a yanke hukunci ba sai Janairu 2020.

Sai dai akwai ɗaya ɓangaren. A watan Janairu, tun kafin a saurari shaida ko ɗaya, fusatattu sun cinna wa ginin makarantar Tanko wuta cikin dare. A kafafen sada zumunta an yi ta kiran a kashe mutumin a bainar jama'a ba tare da ɓata lokaci ba. Wasu sun riƙa yaɗa hotunan yarinyar da hawayen mahaifiyarta domin tara mabiya. Wani saurayi a rumfar ya ce da shi ne, da tun ranar farko an gama da shi. Na ce masa, "Ƙanena, da an yi haka, da yau ba mu da hukunci, sai dai gawa biyu da zargi." Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai kotu ta tabbatar. Wannan ƙa'idar ce ta sa hukuncin wannan rana ya yi nauyi: an ba shi lauya, an ba shi bakin magana, aka auna hujja, sannan aka same shi da laifi. Haka ma shari'ar Musulunci ba ta yarda kowa ya ɗauki doka a hannunsa ba, sai a gaban alƙali.

Abin da ya fi damuna, har na kama hanyar tasha da yamma, shi ne sauran shari'o'in da babu wanda ya san da su. A gidan yarin Kurmawa da na Goron Dutse akwai mutane da yawa masu jiran shari'a, wasu shekara da shekaru. A ƙauyuka akwai iyayen da aka kashe wa 'ya'ya, babu matar shugaban ƙasa da ta yi magana a kansu kamar yadda Aisha Buhari ta yi a kan Hanifa, babu ɗan jaridar da ya san ranar zamansu. Kano ta nuna cewa kotunanta suna iya gama shari'ar kisa cikin wata shida idan ido yana kansu. To, hakkin 'yan jarida ne su ci gaba da zama a bencin kotu ko da labarin ba ya jan mabiya, hakkin gwamnati ne ta sa irin wannan himma a kan ƙarar ɗan kowa, mu kuma masu sauraro hakkinmu ne mu riƙa tambayar inda aka kwana a shari'ar marar gata kamar yadda muka tambaya a ta Hanifa.