Amyoyin da Guguwa ta Kayar



Idan guguwa ta ratsa gari, abin da mutane ke fara ƙirgawa shi ne rufin ɗakunan da suka yaye, da katangun da suka faɗi, da rumbunan da suka tuntsure. Haka ya kamata kuwa. Amma akwai wata hasara da ba a cika ƙirga ta ba, don ba cikin gari take ba, tana can bakin gonaki a kan itatuwa. Ita ce hasarar masu kiwon zuma, kuma a kanta nake son in yi magana a ɗan littafinmu na bana.

Mu nan ƙasar Magarya, a jihar Damagaram, an san mu da gawo, an kuma san mu da zuma. Abubuwan biyu tafe suke tare. Gawo yana zubar da ganye da damana, sai ya yi fure bayan ruwa ya ɗauke, lokacin da yawancin tsirrai suka fara bushewa. Wannan fure babban abinci ne ga ƙudan zuma, kuma a rassan gawon ne manya ke ɗaura amya.

A farkon damanar bara, cikin watan Yuni, hadari ya taso daga gabas da la'asar, iska ta riga ruwa isowa. Washegari kawuna ya zaga gonarsa ya tarar da fiye da rabin amyoyinsa a ƙasa. Wasu sun fashe, saƙa ta kakkarye, zuma ta cuɗe da rairayi, tururuwa ta riga ta kafa layi. Maƙwabtansa ma haka. Da kuɗin wannan zuma ne yake sayen hatsi idan rumbu ya yi ƙasa, da shi ne kuma ya saya mini littattafan fiƙihu da nahawu da nake karatu da su. Da na je yi masa jaje, sai ya ce da ni: "Ɗana, ƙarfina ya ƙare, ba zan iya sake hawa itace ina ɗaure-ɗaure ba. Bana na bar sana'ar nan." Na ce: "Kawu, ku yi haƙuri tukuna, ku ba mu kwana biyu."

Na kai maganar wurin malaminmu. Bai yi dogon bayani ba, ya tuna mana cewa sura ta 16 a Alƙur'ani sunan ƙudan zuma gare ta, wato Suratun Nahli, ya ce wanda ya haddace ta bai kamata ya ga gidan zuma a ƙasa ya wuce ba. Aka sa gayya ranar Alhamis, tunda ba karatu.

A wurin gayyar ne na fahimci dalilin da ya sa dattawa ke ta gaggawa. Amyar da ta faɗi ba ta jira. Muddin sarauniya tana ciki tare da ƙwai da ƴaƴa, taron yakan daure ya zauna. Amma idan ruwa ya jiƙa saƙa, ko tururuwa ta shiga, sai su watse gaba ɗaya su bar gidan. Kuma sabon taro ba ya ginuwa dare ɗaya: daga ƙwai zuwa ƙudan da zai fara aiki kwana 21 ne, shi kuwa ma'aikacin a lokacin aiki bai cika wuce mako shida a duniya ba. To idan aka rasa ƴaƴan da ke cikin saƙa, an yi hasarar fiye da zumar da ta zube.

Mu ɗalibai ba mu taɓa ƙuda ba, wannan aikin masu sani ne. Su ne suka bari sai magariba, suka yi hayaƙi kaɗan, suka cire saƙar da ta lalace, suka ɗaga amyoyin da ke da sauran rai. Namu aikin shi ne tufkar igiyar kaba, da kwance tsofaffin zana don saƙa sababbin amyoyi, da kwaso kashin shanu na yaɓe, da ɗauko ruwa. Ƴan uwanmu mata suka tattara karyayyar saƙa suka narke ta, aka sami kakin da aka goga a cikin sababbin amyoyin, don ƙamshinsa yana jawo taro. Kowane ɗalibi ya kawo dala ashirin, muka sayi sukari aka dama da ruwa, awo ɗaya da awo ɗaya, aka ajiye musu, saboda a farkon damana fure bai wadata ba. Wallahi an harbe mu, wani ma idonsa sai da ya rufe kwana biyu, har yau ana yi masa tsiya.

Ba duka aka ceto ba. Wasu amyoyin har yanzu wayam suke. Amma da gawo ya yi fure, sababbin taro sun shiga wasu, kawu kuma bai bar sana'a ba. Yanzu yana ɗaure kowace amya da igiya biyu, a reshe mai kauri kusa da gindi, ni nake hawa, shi yana ƙasa yana nuna mini.

Ina da roƙo ga jama'ar gari. Mai gonar wake, da riɗi, da kankana ya sani cewa ƙudan nan ma'aikatansa ne da ba ya biya, domin su ke ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan har amfani ya yi kyau. Don haka mai feshin magani ya bari sai yamma, lokacin da suka koma gida, ya kuma sanar da mai amyar da ke kusa. Kada a sare gawo mai rai don icen girki. Da rani a ajiye musu ruwa a kasko, a jefa ƴan tsinke a ciki don kada su nutse. Mai ɗiban zuma ya yi amfani da hayaƙi maimakon wuta, ya kuma bar musu rabonsu. Mai saye ya saya wurin namu, ya biya ba tare da ya karya musu farashi ba. Idan kuma iska ta sake tasowa, bayan an duba gidaje, a tambayi masu amya yadda suka kwana.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mu daga sharrin iska. Amin.