Kwana uku a bakin tabki

Kusan duk taron ƙara wa juna sani da muke yi mu malamai, kuka ɗaya ne yake dawowa: yaran yanzu ba sa tambaya, abin da aka rubuta musu a allo shi suke haddacewa, su amayar da shi ranar jarrabawa. Idan zance ya kawo nan nakan yi shiru, domin na san wani ɗalibi da ya taɓa bin ƴan ajinsu ɗaya bayan ɗaya yana tara sa hannu, don a raba su da malamin da ya ce su riƙa tambaya. Ɗalibin nan ni ne, shekarar kuwa 2002.

An haife ni a wani ƙauye na ƙasar Kurfai, tafiyar hantsi daga Filinge. A lakwal ɗinmu, wanda bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa a cikin aji sai a rataya masa sambol, wani ƙashi da aka ɗaure da igiya, ya yi ta yawo da shi har ya kama wani. Tun daga nan na ɗauka cewa ilimi abu ne da yake zaune a bakin malam da Faransanci, aikin ɗalibi shi ne ya kwashe shi cikin kaye, ya haddace, ya mayar. Da wannan dabara na ci birbe, da ita na ci bak, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ranar da zan tafi Yamai karatun gaba da lise, mahaifiyata ta kai akuya biyu kasuwar Filinge ta ranar Lahadi, ta ƙulle mini kuɗin a bakin ƙyalle. Ni ne na farko a gidanmu da ya kai wannan matsayi, kuma kowa ya san dalilin da ya sa aka sayar da akuyoyin.

A shekarata ta biyu aka haɗa mu da wani malami mai koyar da adabin baka. Ranar farko ya shigo babu takarda ko ɗaya a hannunsa. Ya fito da ƙwallon goriba daga aljihu, ya ajiye a kan tebur, ya ce kowa ya faɗi kalma ɗaya da ta danganci wannan abu a harshen gidansu. Aka ce kaba, aka ce tabarma, aka ce igiya, wani ya ce ƙwalshi, daga nan aji ya yi tsit. Ya dube mu ya ce mu koma mu tambayo. Mako na biyu ya zo da faifai, na uku da ƙahon sa. Idan ka tambaye shi ma'anar wani abu, amsarsa ɗaya ce, har muka laƙaba masa suna Malam Tambayo. Bayan wata biyu, kaye mai shafi 100 da na saya domin darasinsa bai wuce shafi uku da rubutu ba.

Ina so mai karatu ya yi mana adalci, domin ba lalaci ne ya sa muka tayar da ƙayar baya ba. Yawancinmu ƴaƴan manoma ne da makiyaya, faɗuwa jarrabawa a wurinmu tana nufin rasa tallafin karatu da komawa gida hannu rabbana. Mutumin da ke tafiya a kan siraɗi ba ya son a ce masa ya tsaya kallon gari. Da aka yi gwajin farko, na juye duk abin da na samo a littattafan laburare, na cika shafi shida. Takardata ta dawo da maki 7 bisa 20, da layi ɗaya da jan biro, yana cewa ya ji muryar marubuta huɗu a ciki amma bai ji tawa ba. A daren nan na rubuta takardar koke, washegari na fara tara sa hannu.

Kafin in miƙa ta, sai wani abokina ya ce mutunci ya fi, in fara zuwa wurin malamin. Na same shi a ofis, na gaishe shi, na ce:

"Malam, a gafarce ni. Mu ƴaƴan talakawa ne. Ka karanto mana darasi mu rubuta kamar yadda kowa ke yi, mu san abin da za mu haddace."

Bai yi fushi ba. Ya tambaye ni daga ina nake, na ce Filinge.

"To madalla. Ka san ƙasarku?"

Na ce yaya ba zan san inda aka binne cibiyata ba.

"A hutun Disamba ka kai mu. Kai ne jagora. Idan mun dawo, ka miƙa takardarka, ni da kaina zan raka ka."

Mu 14 muka tafi, kowa ya ba da jika biyu na mota da abinci. Daga Yamai zuwa Filinge kilomita 180 ne ko kusa da haka, ta Baleyara da Bonkuku, kuma rabin tafiyar a cikin Dallol Boso ake yin ta, wato tsohon kwarin da a zamanin da ruwa ke bi daga Azawak ya gangara har kogin Kwara. Kogin ya ƙafe tun kafin kakanninmu, amma ya bar ruwa kusa a ƙarƙashin rairayi, shi ya sa rijiyoyin dallol ba su da zurfi kamar na tudu, shi ya sa kuma goriba da gawo suke jin daɗinsa. Bayan damina, ruwa yakan kwanta a wuraren laka ya zama tabki, wani ya ƙafe kafin a gama girbi, wani ya kai tsakiyar ɗari. A bakin irin wannan na biyu, arewa da gari ta hanyar Tukunus, muka sauka, bayan mun je mun gaida mai gari mun nemi izini. Muka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin bagaruwa, muka kafa murhu. Malam ya kafa doka biyu: babu Faransanci daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, kuma kowa ya dawo da yamma da kalma 20 da bai sani ba da safe, tare da bayanin wanda ya ba shi su.

Daren farko sanyin hunturu ya hana mu barci. Hayaƙin ɗanyen itace ya cika mana ido, shinkafa da waken da muka dafa ba su nuna ba, ƴan Yamai suna ta yi mini tsiya wai wannan ce aljannar da nake ba su labari. Na kwanta ina lissafin sa hannu nawa zan ƙara samu idan mun koma.

Da asuba tsuntsaye suka sauka a bakin ruwa. Wata ƴar ajinmu, mutuniyar Damagaram, ta nuna wani garke masu farar fuska da ke ta fito, ta ce jagora ya faɗa mata sunansu. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Ta nuna wani dogo mai tsayuwa da ƙafa ɗaya, na ce tsuntsun ruwa ne, aka fashe da dariya. Ni da zan iya karanto tatsuniyoyin La Fontaine da ka, hankakansa da dilansa, ga ni a ƙasar ubana ban san sunan abin da ke gabana ba. Wani yaro ɗan shekara kamar goma da ya kawo awaki shan ruwa shi ya cece mu. Yana nunawa da sanda yana faɗi, ko kallonmu ba ya yi: kirinjijiya, zalɓe, dinya, zakaran ƙeƙuwa. Ya ƙara da cewa shamuwa ba ta nan, sai damina ta kusa za ta dawo. Yaron nan bai taɓa shiga aji ba. Na ciro kaye na rubuta, hannuna yana rawa, kuma ba sanyi kaɗai ne ya sa ba.

Da hantsi na tarar da wani dattijo yana gyaran shingen ƙaya a garkarsa ta bakin tabki. Na gaishe shi da Hausar da na koya a rediyo, wadda na daɗe ina ɓoye bakin Kurfai a bayanta don kada a yi mini dariya a birni. Ya ɗago ya ce:

"Mi kuka taho biɗa, yaro? Kai ɗan wa ne?"

Na faɗi sunan mahaifina da na ƙauyenmu. Ashe tare da kakana suka yi tashe. Ya kama hannuna ya daɗe bai saki ba, sannan ya ce:

"Jikan abokina, bakinka ya tahi birni ya bar ka."

Na ce: "Baba, shi na taho biɗa." Ban san lokacin da maganar ta fito da harshen gida ba.

Na wuni tare da shi. Ya nuna mini inda laka ta fara tsagewa, ya ce a ƙarƙashinta gaiwa take shiga idan ruwa ya janye, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta kwanta rani guda tana cin jikinta har ruwan sama ya tashe ta. Ya bayyana mini dalilin da ya sa manomi ba ya sare gawo: yana zubar da ganye da damina, ya bar wa hatsi rana da taki, ya yi ganye da rani lokacin da dabba ke neman inuwa da abinci. Matarsa kuma ta ba ni labarin anza, yadda a yunwar 1984 suka riƙa jiƙa ƴaƴanta kwana da kwanaki suna sauya ruwa har ɗacin ya fita, sannan su dafa wa yara. A shekarar nan ina ɗan ƙarami, wato ni ma da anza aka raya ni, amma babu wanda ya taɓa gaya mini, domin ban taɓa tambaya ba.

A dare na biyu ne muka ga Malam Tambayo ya koyar. Muka zauna kewaye da wuta, kowa ya karanto abin da ya samo. Ya ɗauki kalmomin nan namu ya jera su: inda Bakano ke cewa fara, dattijona ya ce hwara, inda ake cewa tafi ya ce tahi, inda ake cewa yana ya ce shina. Ya sa mu da kanmu muka gano a gaban wane wasali sautin ke sauyawa, har ƙa'idar ta fito fili. Abin da na yi shekaru ina ɗauka gurɓatacciyar Hausa ce ta ƙauye, ashe kari ne mai tsarinsa, wanda ake iya bayyanawa kamar yadda ake bayyana nahawun Faransanci. Daga nan ya shiga karin magana da kirari da tatsuniya, yana kafa kowane bayani a kan abin da kunnenmu ya ji a ranar. Kafin wuta ta mutu na cika shafi 30. Takardar koke kuwa, da ita aka hura wutar shayin asuba, kuma ni na miƙa ta.

Ba zan ce komai ya ƙare lafiya ba. Abokin nan da ya ba ni shawarar zuwa ofis bai samu jika biyun tafiya ba, bai je tabki ba, ya faɗi darasin a ƙarshen shekara, daga baya ya bar karatu ya shiga kasuwanci. Ya fi ni kaifin ƙwaƙwalwa. Har yau ina ganin da malaminmu ya gaya mana tun ranar farko inda ya dosa da yadda zai auna mu, da bai rasa irin wannan ɗalibi ba. Malamin yana da gaskiya cewa haddar abin da ba ka gane ba kaya ne a kan jaki. Mu ma muna da gaskiya cewa ɗan talaka yana da haƙƙin sanin ƙofar da zai bi ya fita. Shekara 20 ke nan ina koyar da Faransanci da Hausa, kuma kullum tsakanin waɗannan gaskiya biyu nake kai da kawowa. Abin da na tsayar shi ne, ina faɗa wa ɗalibaina ƙarara abin da jarrabawa ke bukata, ina ba su taƙaitaccen darasi su rubuta, amma awa ɗaya a mako tasu ce, su za su kawo abin da za a karanta.

Ta fuskar doka, harsunanmu sun yi nisa. Tun 1964 Abdou Moumouni ya yi kira a littafinsa kan ilimi a Afirka da a koyar da yara cikin harsunansu. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a makaranta, a 1999 aka tsayar da ƙa'idar rubutunsu, a watan Maris na 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Sai dai doka ba ta zuwa bakin tabki ta tambayi dattijo sunan ciyawa. Wannan aikinmu ne, mu malamai da ƙungiyoyin raya al'adu, kuma ba ya bukatar fiye da kaye da biro da ladabin zama a gaban manya.

Tafiya irin tamu ta 2002 ba ta yiwuwa a yanzu. Tun 2017 aka fara kafa dokar ta-ɓaci a wasu sassan jihar Tilaberi, Abala na ciki, a farkon 2020 aka hana hawan babur a yankuna da dama, kuma rashin tsaro ya rufe ɗaruruwan makarantu a jihar. Babu uban da zai ba ni ɗansa in kai shi kwana a daji, ni ma ba zan roƙa ba. Amma mutanen da muka je nema a wancan lokaci, yau su ne suka taho gari, da tsofaffinsu da abin da ke cikin kansu. A ajina na bara akwai wata yarinya da iyayenta suka baro ƙauyensu na arewa, ta yi wata uku ban ji muryarta ba, makinta na Faransanci kuwa abin tausayi. Ranar da na ce a kawo kalmomin rijiya, ta ɗaga hannu. Ta fara da wasaki da komi, ta bi da sunayen shanu bisa launinsu da tsayin ƙahonsu, ta bayyana yadda ake jera garke a sha ruwa ba tare da faɗa ba. Ƴan gari suka yi shiru suna rubutawa. Da ta gama na ce ta maimaita mini guda uku, domin ban san su ba, na rubuta su a cikin tsohon kayen nan mai shafi 100, wanda har yanzu da sauran wuri a ƙarshensa.