Ragin da Na Nema a Bakin Ruwan Yawuri

A gidanmu ba a sayen abu a kan farashin farko. Mahaifinmu ɗan tireda ne, kuma tun muna yara ya cusa mana cewa duk wanda ya ce "na saya" kafin ya taya, bai san zafin nema ba. Na tashi da wannan hali har ya zame mini abin tinƙaho. In aka fita tafiya, ni ake turawa gaba wajen ciniki. Da wannan halin na isa bakin ruwan Yelwa, inda fadar Sarkin Yawuri take, a bazarar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur na Mayun 2023.

Ni da ƙanena da wani abokinsa malamin makaranta muka shirya ɗaukar shatar jirgi mai inji, mu gangara Tafkin Kainji muna yada zango a garuruwan gaɓa: Zamare, Rofiya, Warra, sannan mu ƙetara Malale, daga can mu hau mota zuwa Sabuwar Busa. Tafkin nan tare ruwa aka yi ya samu. An fara gina madatsar Kainji a kan Kogin Kwara a 1964, aka kammala a 1968, ruwa ya taru ya yi baya fiye da kilomita 130 har ya taɓo Yelwa. Mutum sama da 40,000 aka tayar daga garuruwansu. Tsohuwar Busa, inda Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806, tana kwance a ƙarƙashin ruwan. Abin da ya fi jan malamin ke nan: yana so ya bi ta saman garin da yake karantar wa yara a aji.

Mai jirgin da aka haɗa mu da shi dattijo ne Basarke, mai ƙarancin magana. Ya faɗi kuɗinsa, na yi dariya na taya rabi. Bai yi fushi ba. Ya tsuguna yana yi mini lissafi da yatsa a kan rairayi: jarkokin fetur na zuwa, na dawowa, man da ake haɗawa da fetur ɗin, sallamar yaron jirgi, kuɗin tasha. Ya ce, "Alhaji, injin nan ba ya jin magana, mai kawai yake ji." Ni kuwa na ɗauki lissafin nan a matsayin salon ciniki irin wanda na saba ji a kasuwa. Na juya kamar zan tafi. Na san babu wasu masu shata a ranar, shi ma ya san na sani. Ya kira ni, muka daidaita a kan abin da bai kai kashi biyu cikin uku na kuɗinsa ba. Da yake karɓa ya ce, "Allah ya sa albarka. Amma in na samu ɗan kaya a hanya zan ɗauka." Na ce ba komai, Baba. Hankalina yana kan kallon da ƙanena yake yi mini na yabo.

Safiyar ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Kusa da Yelwa ruwan bai gama zama tafki ba, har yanzu da sauran kamannin kogi, da tsibirai da Gungawa ke noma albasa a kansu idan ruwa ya janye. Zamare da Rofiya suna kallon juna, ɗaya a Jihar Kebbi, ɗaya a Jihar Neja, jirage na kai da kawowa tsakaninsu da mutane da babura da buhuna. A Rofiya muka sauka muka ci soyayyen kifi a tsaye. Ko'ina hayaƙin banda ne: tarwaɗa a nannaɗe, karfasa a jere, ga ƙananan kifayen nan warangi an shanya su suna ƙyalli a rana. A wasu ƙauyukan har yanzu za ka hango gidajen siminti da gwamnati ta gina wa waɗanda aka tayar, mutane sun kewaye su da ɗakunan laka da rumbuna irin nasu na gado, abin da ke nuna maka wanda ya zana gidajen bai zauna da masu shigarsu ba.

Abin da na lura da shi ban ba shi muhimmanci ba shi ne kututturai. Ruwan Kainji sau biyu yake samun ƙari a shekara. Akwai farin ruwa na daminarmu, mai laka, sannan baƙin ruwa da ke tasowa daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya iso da sanyin hunturu. Daga nan sai tafkin ya yi ta raguwa, domin injinan madatsar suna zuƙarsa don ba da wutar lantarki. Zuwa bazara, itatuwan da ruwa ya shanye tun 1968 sai kawunansu su matso sama, wasu a fito, wasu a ɓoye ƙasa da ruwa kaɗan. Dattijon nan yana kauce musu ba tare da ya ko miƙe ba. A lokacin ne kuma hadarin farkon damina ke tasowa da iska mai ƙarfi, yawanci da la'asar.

A Warra na ɓata lokaci. Na shiga gari, na yi salla, na tsaya cinikin busasshen kifi, na sake nuna gwanintata. Da muka dawo bakin ruwa ban gane jirginmu ba. Buhunan masara an jera su tun daga tsakiya har kusa da inji, ga babura a kwance, ga mata da yara a kan buhunan, ga akuya a ɗaure. Tsakanin bakin jirgi da ruwa bai fi taƙi ɗaya ba. Na ɗaga murya na ce ai shata muka ɗauka. Dattijon ya dube ni ya ce, "Alhaji, ai na faɗa maka da safe. Kuɗinka ya kawo mu nan. Na komawa gida fa?"

Kuskuren safe ina iya cewa rashin sani ne. Na Warra kuwa da idona biyu na yi shi. Cikon kuɗin yana aljihuna. Da na zaro na ba shi na ce a sauke kayan, ko a rage, da an yi. Amma yin haka tamkar amsa cewa cinikin da na yi alfahari da shi ba ciniki ba ne, danniya ce, kuma a gaban ƙanena. Sai na haɗiye, na ce mu je. Ko rigar kariya ban tambaya ba, babu kuma ko ɗaya a jirgin.

Tsakanin Warra da gaɓar yamma tafkin yana da faɗi ƙwarai. Muna tsakiya gabas ta haɗe ta yi baƙi. Iska ta riga ruwan sama isowa, igiyar ruwa ta fara dukan jirgin ta gefe, kowace ta zo sai ta zubo mana rabonta. Yaron jirgi yana kwarfewa da yankakkiyar jarka, malamin ya karɓi kwano yana taya shi. Mata suna salati. A inda dattijon ya ce mana tsohuwar Busa tana nan ƙasa, babu wanda ya leƙa. Can sai muka ji gindin jirgi ya gurji wani abu, jirgin ya karkata, ruwa ya kwararo ta baki. Dattijon ya yi tsawa, karo na farko da na ji muryarsa ta tashi: "A zubar da buhu!" Muka tura na farko, muka tura na biyu, muka ci gaba har jirgin ya ɗago. Matar da ke da masarar tana kallo, ba ta ce uffan ba. Ya juya kan jirgin ya bi iska, muka faɗa cikin ciyayi kusa da wata tungar masunta. A nan muka kwana, jiƙe sharkaf.

A wannan yankin ne, ranar 26 ga Mayun 2021, jirgi ɗauke da mutum sama da 150 ya nutse, waɗanda aka ceto da rai kimanin 20 ne kacal. Na tuna abin da na faɗa a majalisa sa'ad da labarin ya zo: haɗamar masu jirgi ce, a kama su a ɗaure. Har yanzu ban wanke su duka ba. Akwai wanda ko ka biya shi ninki biyu sai ya ƙara lodi, kuma dokokin NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa, na hana tafiyar dare da tilasta rigar kariya ba su cika isa ƙananan tashoshi ba. Sai dai a daren nan na tunga na ga wani ɓangare na lissafin da ban taɓa sa kaina a ciki ba. Fetur ɗin da inji zai sha ba ya raguwa don fasinja ya iya ciniki. Duk abin da aka zaftare a bakin ruwa, a cikin jirgi ake cike shi, da buhu ko da mutum. A kasuwar tudu in ka matse mai kaya ribarsa ce ta ragu. A ruwa kuwa tazarar da ke tsakaninka da nutsewa ce take raguwa, kuma ba kai kaɗai ba, har da wanda bai ji bai gani ba. Yanzu in zan hau jirgin shata, ni nake sayen man da hannuna, na zuwa da na dawowa, sannan a yi maganar ladan matuƙi dabam, a kuma yi sharaɗin lodi da rigar kariya kafin a tayar da inji.

Da gari ya waye na cika wa dattijon kuɗinsa na farko. Ya ƙirga, ya sa a aljihu, bai ce komai ba. Na biya matar kuɗin buhunanta, wanda ya ninka ragin da na samu. Ta karɓa ta ce, "Alhaji, kuɗi dai na gani. Amma masarar nan wani ne ya ba ni kafin alƙalami a Malale, yana can yana jira. Sai ka zo ka faɗa masa da bakinka, don ni ba zai yarda da ni ba." Haka na bi ta har rumfarsa, da takalmina a hannu, na yi masa bayani tun daga cinikin Yelwa.