Ranar da Aka Kai Ƙarar Ɓerayen Gidana



Shekara 17 ke nan ina riƙe da littafin ƙararraki na dattijon unguwarmu a nan Kumasi. Rikicin gado, rikicin haya, saɓanin miji da mata, wanda ya ci bashi ya yi lamo, duk ta bakin alƙalamina suke bi kafin su isa kunnen Maigida. Sau ɗaya tak na taɓa rubuta ƙara hannuna yana rawa, ranar da wanda ake ƙara ya kasance ni da kaina, abin da ya jawo ƙarar kuwa ɓeraye biyu ne.

Ƙanena ya rasu a hatsarin mota a hanyar Tamale a 2022, ya bar ɗa namiji mai shekara 9. Bayan takaba uwar yaron ta koma garinsu, riƙonsa ya dawo hannuna. Ranar da muka dawo daga maƙabarta na ga leɓensa yana rawa, sai na dafa kafaɗarsa a gaban masu ta'aziyya na ce, "Namiji ba ya kuka. Yi wa babanka addu'a." Ya haɗiye kukan. Ni kuwa na ɗauka na yi tarbiyya. Tun daga ranar bakin yaron ya mutu. Zai gaishe ka, zai je aike, zai wanke allonsa, amma hira da dariya sun ɗauke kamar ruwan ƙarshen damina.

Akwai wani ɗalibin jami'a da ke haya a gidanmu, yana karatun haɗa magunguna. Da ya gama zai tafi, sai ya bar wa yaron 'yan ɓeraye biyu mata a cikin kejin waya. Ɗaya fara fat mai jajayen idanu, yaron ya sa mata suna Auduga. Ɗayar fara ce mai tokar kai da kafaɗu, ya kira ta Toka. Ɗalibin ya bayyana mini cewa irin waɗannan a hannun mutane aka haifi kakannin kakanninsu. Tun 1906 wata cibiyar bincike a Filadelfiya ta Amurka ta fara hayayyafar fararen ɓeraye don gwaje-gwajen likitanci, a Ingila kuwa masu kiwonsu don sha'awa sun kafa ƙungiyarsu tun 1976. Na ce da shi Ingila daban, zango daban.

Ni ɗan makarantar allo ne da zaure. Na karanta cewa ɓera na cikin dabbobi biyar da aka halatta kashewa ko a cikin Harami, tare da kunama da hankaka da shirwa da kare mai cizo. Na san an umurce mu da kashe fitila kafin barci saboda ɓera kan ja lagwani ya ƙona gida. A Risala mun karanta hukuncin man da ɓera ya mutu a cikinsa. A harshenmu ma ba mu san shi da alheri ba, da an ce mutum yana da halin ɓera an gama magana. Na yanke shawara gari na wayewa kejin zai bar gidana.

Da dare maiɗakina ta tashe ni ta ce, "Malam, zo ka ji wani abu, amma kada ka yi tari." Muka tsaya a bakin tagar ɗakin yara. Sai ga muryar yaron, wadda na yi wata biyar ban ji ta wuce jimla ɗaya ba, tana zuba kamar famfo. Yana ba ɓerayen labarin motar babansa, da tsarabar da yakan kawo masa daga arewa, da yadda yakan ɗora shi a cinya ya bar shi ya riƙe sitiyari. Na koma ɗaki ban ce uffan ba. Keji ya kwana, ya kuma wuni, har ya zama ɗan gida.

A watan Fabrairu na 2023 hukumomin lafiya suka ba da sanarwar ɓullar zazzaɓin Lassa a Accra, rediyo kuma ya yi ta gargaɗi a kan ɓeraye. Ba a yi mako ba maƙwabta uku suka zo zauren Maigida. Babbansu ya dube ni ya ce, "Magatakarda, yau da kai muka zo, sai ka rubuta." Na rubuta da hannuna cewa ana ƙarar wane bisa kiwon ɓera a gidan da yara ke wasa. Ban ga laifinsu ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, ni na ba da ƙofar magana.

Maigida bai yanke hukunci a ranar ba. Ya sa aka kira wani ma'aikacin lafiya ɗan unguwa, wanda ya bayyana cewa cutar, wadda aka fara ganowa a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969, wani ɓeran daji mai nonuwa da yawa ne ke ɗauke da ita, mutane kuma na kamuwa ta abincin da fitsarinsa ko kashinsa ya taɓa. Ɓeran keji da bai cuɗanya da na waje ba hanyarsa daban ce, ko da yake kowane ɓera na iya ɗaukar wasu cututtukan, don haka wanke hannu dole ne.

Sannan Maigida ya juyo gare ni ya ce, "Da kafin ya shigo ka tambaye ni, da na ce kada a karɓa, domin akwai malaman da ba su yarda da ajiye shi ba. Amma Imamu Malik cutarwa ya duba a cikin waɗancan biyar ɗin, a mazhabarmu kuma duk mai rai tsarkakakke ne. Yanzu ga su a kulle a gidanka. Ka tuna matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Abin da ka kulle, cinsa da shansa suna wuyanka." Ya gindaya sharuɗɗa uku: kada su fita tsakar gida, kada su kusanci madafa, kada kuma a haɗa su da namiji su hayayyafa. Na ce, "Ranka ya daɗe, na karɓa." Na rubuta hukuncin a ƙarƙashin sunana.

Daga nan na fara lura da su, da farko don tsoron abin da za a ce, daga baya don abin da idona ya gani. Suna wanke fuska da hannuwa biyu sau da yawa a yini. Sun san sunayensu, sun kuma bambanta takun yaron da nawa. Haƙoransu na gaba ba sa daina tsiro, shi ya sa yake sa musu guntun icce su yi ta gwaguya. Tare suke barci, ɗaya a kan ɗaya, idan aka ɗauki guda sai ɗayar ta bi waya tana nema. Wata rana ya zo mini da labarin Magawa, gafiyar da aka horar a Tanzaniya ta riƙa shinshino nakiyoyin da aka binne a Kambodiya, har aka ba ta lambar zinariya a 2020. Ya ce, "Baba, ashe ɓera ma yana ceton rai." A ranar na fara jin dariyarsa a gidana.

Abin da ɗalibin bai gaya masa ba shi ne gajartar kwanansu. Shekara biyu zuwa uku ce iyakar rayuwar irin wannan ɓera. Da hunturun ƙarshen 2024 ya shigo da ƙurarsa, Auduga ta fara atishawa, numfashinta ya koma kamar ana murza busasshen ganye, gashinta ya tashi, ta daina hawa waya. Wata safiya yaron ya rugo yana cewa jini na fita daga idonta. Na kama kaina ina sa hula, na ɗauki keji na lulluɓe da tsohon zane don kada a gani, muka shiga mota zuwa wurin likitan dabbobi.

Likitan ya ce jan abin ba jini ba ne, wani ruwa ne da ke fitowa daga bayan idon ɓera, yakan yi yawa idan yana cikin ciwo ko wahala. Ciwon na huhu ne, wanda ƙwayarsa ke zaune a jikin yawancin ɓerayen gida tun suna ƙanana, tsufa da ƙura da zaurin fitsari ke tayar da ita. Ya tambayi abin da muke shimfiɗa musu, yaron ya ce dusar katako da yake roƙowa wurin kafintoci. Likitan ya ce a daina, a koma yagaggiyar takarda da tsumma mai tsabta, a riƙa sauyawa a kai a kai. Na ga fuskar yaron ta canza, ya ɗauka shi ya jawo. Likitan, Allah ya saka masa, ya ce ko a kan alhariri take kwana tsufa zai zo.

Mako uku muka yi muna jinya. Safe da yamma yakan ɗiga mata maganin da sirinji marar allura, in ta ƙi sai ya gauraya da koko mai ɗumi ta lasa a yatsansa. Da ta kasa riƙe ƙwayar masara, ya koma dama mata ayaba da gwaiduwar dafaffen ƙwai. Yana cika kwalba da ruwan ɗumi ya naɗe da tsumma ya ajiye a gefenta, Toka kuwa ta kwanta a jikinta tana lasar kunnuwanta. Ranakun makaranta ni ke ba da maganin rana. Magatakarda mai furfura, a tsugune da sirinji a gaban ɓera: da wani ya faɗa mini haka shekara uku baya, da na ce ya nemi tsari.

Ta samu sauƙi kwana kaɗan, sannan ciwon ya dawo da ƙarfi. Na dawo daga sallar asuba na tarar da shi zaune a dandamali, tana tafin hannunsa, ta riga ta yi sanyi. Ya ɗago kai ya dube ni, leɓensa yana rawa daidai irin na ranar maƙabarta, ya fara haɗiyewa. Ya tuna abin da na koya masa.

A nan ne wani hadisi da na karanta tun ina saurayi, na kuma karantar da shi ba sau ɗaya ba, ya buɗe mini. Anas ɗan Malik yana da ƙane ƙarami da ake yi wa alkunya da Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shigo ya ga yaron cikin damuwa, ya tambayi dalili, sannan ya kira shi da alkunyarsa ya tambaye shi labarin tsuntsun. Malamai sun ciro fa'idodi sittin daga wannan ɗan gajeren labari. Ni na haddace hukunce-hukuncen, na bar babbar fa'idar a ƙasa, wato shugaban al'umma bai raina baƙin cikin yaro a kan tsuntsu ba. Shi da kansa idanunsa sun zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu.

Na zauna a ƙasa kusa da shi na ce, "Ɗana, yi kukanka. Ranar babanka ma ni na yi kuskure da na hana ka." Kukan da ya yi ya fi ƙarfin ɓera. Sunan babansa yake kira. Ni ma a lokacin na gane ban yi wa ƙanena kuka ba, na shagala da karɓar gaisuwa da lissafin gado. Maiɗakina ta fito ta gan mu, ta koma ta ja ƙofa.

Ya tambaya ko za a yi mata salla, na ce ba a yi wa dabba salla. Muka naɗe ta a tsumma, muka haƙa rami mai zurfi a bayan gida don kada kyanwa ta tone. Ya ce, "Baba, Allah ya san da ita?" Na ce Alƙur'ani ya sanar da mu dabbobi al'ummomi ne kamar mu, babu wadda ta ɓace wa Ubangijinta, kuma an yi mana albishir da lada a kan kyautata wa duk mai rai. Toka ta ƙara wata huɗu. Ƙari ya fito mata a ƙarƙashin hannu, abin da likitan ya ce ya yawaita ga matan ɓeraye idan sun tsufa. Yaron ya yi jinyarta cikin natsuwa, ranar da ta mutu shi ya haƙa ramin da kansa.

Ban rubuta wannan don in ce kowa ya je ya nemo ɓera ba, ba kuma fatawa nake bayarwa ba. Ɓeran rumbu da na kwata har gobe tarko nake ɗana musu. Jan hankalina ga iyaye ne da masu riƙon marayu. A zangunanmu yara na kiwon tantabara da zomo da ɓeran Masar, idan abin ya mutu sai mu ce, "Don wannan kake kuka?" mu jefar a bola. Yaro ba shi da ma'aunin babba. Wani lokaci ɗan abin da muka raina shi ne kaɗai ƙofar da baƙin cikinsa ya samu ta fita, idan muka toshe ta sai ya koma ciki ya zauna.

Kejin yana nan a rataye a bayan ɗaki, babu kowa a ciki. Yaron ya ce ba ya son wasu. Duk Juma'a bayan an sauko yakan ce, "Baba, mu je wurin babana," mu je mu yi addu'a, a hanyar dawowa yana ba ni labarinsa, ni ma ina ba shi na ƙuruciyarmu. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amanar marayu da ta duk abin da ya sa a ƙarƙashin hannunmu. Amin.