Ƙahon Wanzami da Allurar Sinawa

A Daurar da na tashi, zamanin Sarki Muhammadu Bashar, ciwon baya ba ya kai mutum asibiti. Da an gama girbi, manoma wajen wanzami suke nufa. Mahaifina ma haka. Yakan tuɓe riga ya zauna kan tabarma, Baba wanzam ya kwance zabira, ya kafa masa ƙaho a gadon baya, ya zuƙe iskar da baki, ya toshe ƴar hudar. In wurin ya tasa sai ya cire, ya yi ƴan tsage-tsage da aska, ya mayar. Baƙin jinin da ke taruwa shi ake kira mataccen jini. Ni ke riƙe ƙwaryar ruwa. "Ɗana, matso da ita nan," haka Baba wanzam yake ce min, hannunsa kuwa ko rawa ba ya yi.

Sai da na girma na ji labarin allurar Sinawa, wadda ba a ɗura magani a cikinta, sokawa kawai ake yi. Ɗalibinsu yana haddace gurabe 361 a jikin mutum, bisa hanyoyi 14 da suka ce ƙarfin rai na bi. Tushen karatun yana cikin littafin Huangdi Neijing, wanda ya haura shekara 2,000. Ana koya masa inda zai soka don ciwon baya da na wuya, ciwon gwiwa, ciwon ɓarin kai, karkacewar baki, da shanyewar ɓarin jiki. Akwai wani gurbi a saman wuyan hannu na tashin zuciya. Rabin waɗannan su ne ke kai mutanenmu gaban wanzami, kuma Sinawan da ma da ƙahon dabba suka fara nasu ƙahon.

Ba duk abin da ke cikin littattafansu ne bincike ya gaskata ba. Inda aka fi samun shaida shi ne rage ciwon da ya daɗe da kuma tashin zuciya bayan tiyata. Amma sun rubuta, sun gina jami'o'i, sun bari an gwada. A 2010 hukumar UNESCO ta sa sana'ar cikin gadon ɗan'adam.

Abin da ke ci min rai ke nan: mu ba mu rubuta namu ba. Namu ma da aibinsa: aska ɗaya ga mutum goma hanya ce ta ciwon hanta da ƙanjamau, kuma sabuwar reza ta fi. Sai dai Baba wanzam ya san inda ba a kafa ƙaho, ya san wanda jininsa ya yi ƙaranci ya sallame shi. Ya rasu ba wanda ya rubuta ko ɗaya. Jikokinsa suna da shagon aski da injin lantarki. Tsofaffin wanzamai na nan a Zango da Baure da Mai'aduwa, kuma ina so ɗaliban kiwon lafiya na Daura su ɗauki littafi da biro su je su zauna gabansu.